Kibiyar Lokotoro Daga Yamai

Tun a ƙofa Lubabatu, mai kula da na'urorin asibitin, ta gargaɗe ni: "Baba, rezon intanet ya yi nauyi yau, aikin zai iya ɓaci."

Shekarar fari ce, gero bai yi ba a Gaffati. 'Yata Shatu ta kumbura, na kawo ta Damagaram. Lokotoron zuciya yana Yamai, ta allon ordinatar, wato kwamfuta, zai duba ta.

Aikin kuwa ya ɓaci. In ya ce, "Tsaya nan!" mai goga na'ura a ƙirjin Shatu ta riga ta wuce wurin, don hoton a makare yake isa gare shi.

Lubabatu ta rage girman hoton, ta leƙa ofis inda wani ma'aikaci ke kallon ƙwallo ta intanet. "Tahiru, kashe ƙwallon nan, kana cinye mana hanya!"

Sai ga kibiyar lokotoro tana yawo a allo tare da muryarsa, ba mai taɓa ta a nan. Ta tsaya kan wani abu mai bugawa. "Ga zuciyar 'yarka, ruwa ya taru gefenta," in ji shi. Na shiga tasbihi.

An fara ba ta magani. Ko ruwan zai janye, har yanzu ba mu sani ba.