Furen da Awaki Suka Ƙi

Ita ce ta kafe a taron unguwa sai an shuka wannan fure mai ruwan hoda a gefen filin wasan yara. Hujjarta ɗaya: duk abin da aka shuka a baya awaki sun cinye, wannan kuwa ko sansana shi ba sa yi. Tun daga ranar ake kiranta Uwar Fure.

Tana cikin ba shi ruwa da hantsi, sai mai kemis ya taka birkin kekensa.

"Uwar Fure, wa ya kawo wannan nan? Guba ce fa, daga ganye har saiwa! Ba ki tambayi awakin dalilinsu ba?"

Bokitin ya suɓuce mata. Tun safe autarta da ƙawayenta ke girkin wasa a bayan lilo, kuma da idonta ta ga suna tsinkar ganyen. Ta kwasa a guje, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ta iske su sun yi da'ira, an rarraba yankakken ganye a murafen kwalba.

"Wa ya ci? Ku buɗe baki! Auta, kin ci?"

"Ba mu fara ba, Umma. Muna jiran wadda ta tafi ɗebo gishiri."

Ta zube a ƙasa tana duba harsunansu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta tattare ganyen, ta dubi babbarsu.

"Ruga gida ki ɗauko mini fartanya."