Leda ta Huɗu

"Jini leda huɗu suka ce, Sada! An ba da uku, saura kai. Yalla, maza naɗe hannun rigarka!"

Kamilu ne ke wannan ihun a barandar asibiti, audugar da aka danna masa a gwiwar hannu ba ta ma faɗi ba. Shi ne shugaban ɗaliban Najeriya mazauna unguwar Faisal a Alƙahira. Sa'a biyu da suka wuce, wata ƙaramar bas ta kwashe Badamasi, ɗaya daga cikinsu, a bakin titi yana dawowa daga darasi. Yanzu yana ciki, cinyarsa a karye, likita ya ce ba za a shiga da shi tiyata ba sai 'yan'uwansa sun ba da jini. A Alƙahira kuwa ɗalibi ba shi da 'yan'uwan da suka wuce waɗanda yake cin tire ɗaya da su.

Sada Ayuba ya tsaya jikin bango, ya rungume hannuwansa.

"Ba zan iya ba."

"Me ka ce?"

"Tsoron allura nake."

"Tsoron allura? Kai da ka yanka mana ragon layya bara ko ƙiftawa ba ka yi ba? Ya Shaikh, abokin ɗakinka ne fa! Shekara uku katifarku na jere!"

Ɗaliban biyu da suka riga suka bayar suka ɗago kai daga benci. Sada ya ji idanunsu kamar garwashi. Ya san in aka ɗebi jininsa sai an gwada, in an gwada sai an rubuta. Baƙon da aka samu da irin cutar da ke jikinsa kuwa jirgi ake sa shi, a mayar da shi ƙasarsu. Saura wata bakwai ya kammala digirinsa.

Ya ja Kamilu zuwa bayan matattakala.

"Ka tuna gwangwanin yajin da ka taho mini da shi daga Kano?"

"Ana maganar rai kana maganar yaji?"

"Ba yaji ba ne kaɗai. Akwai ƙwayoyi a ƙasa, cikin leda. Yayata Murja ke karɓo mini a asibiti, duk mai tahowa ta ba shi. Ina da ƙanjamau, Kamilu. Tun hutun da na je gida, shekara biyu ke nan, aka gano. Na watan nan ma bai iso ba. Ƙwaya biyar ta rage mini."

Kamilu ya zare hannunsa daga na Sada, ya goge a jallabiyarsa. Da alama bai ma san ya yi ba.

"Inna lillahi. Ni ka mayar ɗan dako? Na ratsa filin jirgi da shi ina murmushi!" Ya ja da baya. "Tire ɗaya muke ci. Kofi ɗaya. Kai ne kake ja mana sallah ranar da ba na nan!"

"Ban taɓa aron rezar kowa ba. Ban taɓa..."

"Ta ina ka samo?"

"Wannan ce tambayar da za ta ɗinke ƙafar abokinku?"

Muryar mace ce, da Hausa mai nauyin Larabcin Sudan. Wata dattijuwa ce cikin farar rigar ma'aikatan jinya, riƙe da tiren magani. Sunanta na rataye a ƙirji: Awadiyya.

"Ma'alish, ku yi haƙuri 'ya'yana, kunne ba shi da murfi," ta ce, ta juya ga Kamilu. "Kai mai gemu, shekara ashirin ina wannan aiki, daga Wad Madani har nan. Ba a ɗaukarsa a tire, ba a ɗaukarsa a kofi, ba a ɗaukarsa a sahun sallah. Da mugu ne, da ya miƙa hannu don ku yabe shi."

"Amma Hajja..."

"Khalas, ya isa. Zan rubuta ya yi ciwon shawara kwanan nan, ba a ɗibar jininsa. Ta huɗun kuma ni zan bayar. Kakata 'yar Katsina ce, jinin bai tsufa ba."

Sada ya buɗe baki zai yi godiya, ba ta jira shi ba. Ta nuna Kamilu da yatsa.

"Kai kuma, abin da ka ji amana ce. In ya fita, ɗan'uwanka ka kora daga ƙasar."

Kamilu ya koma benci, ya zauna can ƙarshe, nesa da inda Sada zai zauna.

Bayan la'asar aka tura Badamasi ɗakin tiyata. Da gadon ya zo wucewa ya laluɓo hannun Sada ya riƙe. "An ce kai ma ka ba ni," ya faɗa da kyar. Sada ya dubi Kamilu. Kamilu ya dubi ƙasa.

Ƙofar ba ta gama rufuwa ba wani saurayi ya shigo barandar, jakarsa da takardar jirgi maƙale a hannunta, fuskarsa duk gumi. A bayansa akwai wani jami'in tsaro Bamisire mai baƙin tabarau, riƙe da koren fasfo.

"Salamu alaikum. Ni ne Ya'ƙub, yau na sauka daga Kano. Mai gadin gidanku ya ce kuna nan. Wata Murja ta ba ni saƙo. An zazzage gwangwanin yajin a filin jirgi, an ga ƙwayoyi, an riƙe fasfona, an ce sai na nuna mai shi. Don Allah, wane ne Sada Ayuba?"

Bamisiren ya cire tabarau, ya fara bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.