Bokan Kolofon a Gidan Rediyon Yendi

"Saura minti biyar, Baba Ticha," in ji Mardiya, tana warware wayar makirufo da ta naɗe a ƙafar kujera.

Ticha Jibirilu bai ɗago ba. Takardunsa yake jerawa a kan tebur, shafi goma sha ɗaya, duk rubutun hannu, da jan biro a ƙarƙashin wuraren da zai ɗaga murya. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da tarihi a sakandare. Da ya yi ritaya ya ga zaman gida zai kashe shi, sai ya nemi awa ɗaya a wannan ƙaramin gidan rediyo na Yendi, kowace Lahadi bayan Azahar, yana ba da labarin biranen da. Ya fara da Salaga da rijiyoyinta, ya bi ta Kano da Tambutu, da na kusa suka ƙare ya ƙetare teku. Yau mako na biyar ke nan yana kan Kolofon, wani tsohon birnin Girkawa da ba a taɓa jin sunansa a Yendi ba sai a bakinsa.

Mardiya ɗalibarsa ce a da, yanzu ita ce manajar gidan. Har gobe in za ta yi masa magana hannunta na komawa baya, kamar tana gaban allo.

"Baba Ticha, ka san abin da mai gidan rediyon ya ce. Shirin da ba a kira, ba a saurarensa. In yau waya ba ta yi ƙara ba..."

"Na ji, 'yata. Ai kin faɗa mini ran Laraba."

Ba ƙarya mai gidan ya yi ba. A cikin shekara shida sau uku aka taɓa bugo wa Ticha waya, biyu kuskuren lamba, na ukun kuma wani ne da ke cigiyar akuya. Ga shi a waje, a kan benci, Alhaji Zulkarnain mai maganin basir na zaune da kwalin kwalabe tsakanin ƙafafunsa, yana jiran awar nan kamar mai jiran gawon shanu. Da Ticha zai shigo har da miƙewa ya gaishe shi, abin da ya fi ba Ticha haushi ke nan.

Jar fitila ta kama. Ticha ya gyara tabarau, ya yi sallama, sai muryar aji ta dawo masa.

Ya fara da tuna wa masu sauraro inda aka kwana. Kolofon gari ne na mahaya dawaki, a gaɓar ƙasar da yau ake kira Turkiyya. Arziki ya yi wa mutanensa yawa har manyansu suka riƙa fita dandali cikin riguna masu tsadar rini, gashi sharkaf da turare, ba abin da suke yi sai nuna kai. Daga itatuwan garin ake samun ƙaro irin wanda masu goge ke goga wa izga. Sunayen mutanen garin kuwa Ticha ya daina faɗinsu tun makon farko, don karya harshe suke yi, sai ya raɗa musu nasa. Akwai Mai Sarewa, mawaƙin da ya ƙare rayuwarsa yana kukan tsufa tun furfura ba ta fito masa ba. Akwai Tsoho Mai Gardama, wanda ya tsinci ɓawon katantanwar teku a kan dutse ya ce lallai nan ruwa ya taɓa kwana, ya kuma yi ta yi wa 'yan garinsu dariya don suna sassaƙa gumaka da kamanninsu.

Minti ashirin suka wuce. Wayoyin nan uku da ke gaban Mardiya a bayan gilashi ko tari ba su yi ba.

"To yau," in ji Ticha, "ga mu a wurin bokansu. Kusa da garin akwai wani ɗakin bauta, a ƙarƙashinsa akwai rijiya. Daga ƙasashe masu nisa ake zuwa. Abin mamakin shi ne, wannan boka ba ya tambayar abin da ya kawo ka." Ya matso da bakinsa kusa da makirufo, yadda yake yi in labari ya kai inda yake so. "A ce kai ne ka zo. Kada ka faɗi damuwarka. Sunanka kawai za ka faɗa. A sauka rijiya, a sha ruwa, a dawo a gaya maka abin da ke cikin ranka."

Waya ta yi ƙara.

Mardiya ta dube ta kamar ta ga maciji. Kafin ta ɗauka ta biyu ta kama, sannan ta uku. Ta ɗaga wa Ticha babban yatsa, ta haɗa shi da layin farko.

"Salamu alaikum, Malam. Asiatu ne daga Bimbilla. Sunan uwana Azara."

Sai ta yi shiru. Murna ta kama Ticha.

"Madalla, Asiatu. Mece ce tambayarki?"

"Ah, Malam, kai ka ce ba a faɗi."

Nan take ya gane. A gidajen rediyon yankin ba a rasa malaman duba masu sayen lokaci, ka bugo ka faɗi sunanka da na mahaifiyarka, su gaya maka wanda ya tsone maka ido. Mutanen da suka murɗo rediyo a tsakiyar magana, suka ji dattijo na cewa sunanka kawai za ka faɗa, me za su ɗauka? Ya buɗe baki zai yi bayani, katin Asiatu ya ƙare. Mardiya ta jefo masa na biyu.

"Zakir ne daga Salaga. Uwana Munawara. Malam, in ruwan rijiya kake bukata, namu na Salaga ya tsufa paa, sosai da sosai. Zan aiko maka galan ɗaya a mota gobe."

"Zakir, wannan rijiyar da nake magana a kanta ta fi shekara dubu biyu..."

"Namu ma ya kai. Ka duba mini dai."

Mardiya ta saka talla, ta faɗo ɗakin mayafinta na zamewa.

"Baba Ticha, layi uku duka a cike. Mai gidan da kansa ya bugo ta wayata. Ya ce awar taka ce, har ya ƙara maka ta Alhamis in kana so."

"Mardiya, boka suka ɗauke ni."

"Na sani. Ba sai ka yi ƙarya ba. Ka ce musu alheri na tafe, wa alheri bai taɓa zo masa ba? Rabin awa ka amsa musu, rabin awa ka yi tarihinka." Ta sunkuyar da kai. "Ba na so in zama ni ce na sallame ka, Baba."

A gaskiya abin ya shiga ransa. Shekara shida yana magana da bangon da aka manna wa kwalin ƙwai, yana komawa gida bai san ko kare ya ji shi ba. Yau ga fitilu uku suna ƙyafta masa ido. Kuma wanda ya yi shekara talatin da huɗu yana karanta fuskar ɗalibai, gane abin da ke damun mutum daga muryarsa ba zai gagare shi ba. Ya ce a ransa, to, bari a ji na ukun tukuna.

Na ukun namiji ne, muryarsa a dushe, ana jin kukan shanu a bayansa.

"Ayyub ne, mutumin Bawku, amma ina kasuwar shanu nan Yendi. Uwana Nadiya." Ya ɗan yi shiru irin na Asiatu, sai ya kasa daurewa. "Malam, na san ba a faɗi. Amma matana yana asibiti a Bawku, kwana huɗu. Likita ya ce a yi aiki. Ni na ce su jira. In sa hannu ko in kai shi gida?"

Ticha ya cire tabarau ya ajiye a kan shafi na bakwai. Kunya ta kama shi, ta abin da bai riga ya yi ba.

"Ayyub, ka saurare ni da kyau, da duk mai ji na. Ni ba malamin duba ba ne. Malamin makaranta ne, tsoho, mai ba da labarin mutanen da suka mutu tuntuni. Ban san gaibu ba, rijiya kuma ko ta gidanmu famfo ya kashe ta. Bokan da na ba ku labarinsa shi ma ya mutu, garin nasu ya zama kufai, bai hana ba. Ka kashe wayar nan ka kira likitan, ka tambaye shi duk abin da kake tsoro. Shi ya ga matarka, ni ban gan ta ba. Allah Ya ba ta lafiya."

"Amin," in ji Ayyub a hankali. "To, na ji."

Fitilun suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ticha ya mayar da tabarau, ya nemi inda ya tsaya ya rasa, kafin ya kai ga yadda aka ci garin da yaƙi lokaci ya cika.

Mardiya ta raka shi har ƙofa, idonta ya yi ja. Mai gidan ya sake bugowa: ko dai Ticha ya ci gaba da shirin duba, ko a ba mai magani awar. Ticha ya ce a ba shi, ya dafa kanta ya ce ba laifinta ba ne. Alhaji Zulkarnain ya sake miƙewa, wannan karon har da miƙo masa kwalba ɗaya kyauta. Ticha ya ce ya gode, nasa ciwon ba a nan yake ba.

A bakin titi ya tare keke mai ƙafa uku, irin wanda ake kira yalo-yalo. Direban wani magidanci ne mai faɗin kafaɗa. Suna tashi ya riƙa leƙen Ticha ta madubi.

"Zongo, kusa da masallaci," in ji Ticha.

Direban ya taka birki har takardun Ticha suka zame.

"Wannan murya. Baba, kai ne mai Kolofon?"

"Ni ne. Amma ba na duba."

"Wane duba? Masu bugo wayar nan baƙi ne, 'yan yau, su suka ɓata mana shiri. Sunana Fatawu." Ya juyo gaba ɗaya a kujerarsa. "Baba, garin nan, an ci shi ko ba a ci ba? Mun yi musu a tasha tun makon jiya. Hakim mai faci ya ce masu turare ba za su iya yaƙi ba koraa, ko kaɗan. Ni na ce suna da doki."

Ticha ya dube shi. "Ku su wa?"

"Mu duka. Direbobi, masu faci, Mma mai waake da ke sayar mana da shinkafa da wake, har kwandastan motar Tamale in bai cika ba. Lahadi bayan Azahar ba mai ɗaukar fasinja sai ka gama. Tun kana labarin Salaga muke bi."

"Shekara shida," in ji Ticha. "Shekara shida, ba wanda ya taɓa bugo mini waya a cikinku?"

Fatawu ya buɗe ido, mamaki ya kama shi da gaske.

"Mu buga? Baba, dattijo na ba da labari sai mu katse shi? Wa ya haife mu? Akwai ranar da Jalil ya ɗauko waya zai kira, Mma ta kwaɗe masa hannu da ludayi."

Ticha bai san lokacin da dariya ta ƙwace masa ba. Ya yi ta yi har sai da ya share ido da hannun riga, Fatawu na kallonsa bai san abin dariyar ba. Da ya lafa ya gaya masa gaskiya: an rufe shirin, daga Lahadi mai zuwa maganin basir za su ji. Fatawu ya gyara zama ya fuskanci hanya. Ya tayar da keken, maimakon hanyar Zongo ya karya kan ya nufi tasha.

A ƙarƙashin bishiyar darbejiya mutum kusan ashirin ne zaune a kan bencina da tsofaffin tayoyi, rediyo na rataye a reshe. Da Fatawu ya faɗi ko wane ne, wuri ya ɗauki gaisuwa, wasu har da durƙusawa. Aka goge masa kujerar roba, Mma mai waake ta kawo ruwan leda mai sanyi. Sannan kowa ya koma mazauninsa, aka yi tsit.

Ticha ya buɗe shafi na takwas. Ya fara ba su labarin yadda sarkin maƙwabtansu ya taso da runduna, masu turare suna dandali. Bai yi nisa ba sai wani siriri mai baƙin mai a hannu, Hakim mai faci, ya ɗan ɗaga yatsa.

"Baba, amma dawakin nasu..."

"Kai, Hakim," in ji Mma, tana laluben ludayi. Mutum biyar suka juyo suna harararsa.

Ticha ya ɗaga hannu, ya kife takardar a kan gwiwarsa.

"Ku ƙyale shi ya tambaya," ya ce. "Shekara shida nake jiran wannan."