Tsayawa Kallon Duwatsu

Allurar zafin injin mota ta sake miƙewa sama, Mai Walda ya ɗora hularsa a kanta, ya karya sitiyari ya gangara gefen titi.

"Ku sauka ku ga ikon Allah," ya ce.

Matarsa ta dube shi ta gefen ido. Tun da ta aure shi ba ta taɓa jin ya yabi komai ba sai ƙarfe mai kauri.

"Baban yara, ba yanzu muka ga ikon Allah a can baya ba?"

"Wancan daban, wannan daban."

Gidan 'yarsu za su je, can bayan tsaunuka, ganin jika. Ita ta so a hau bas, shi ya kafe sai a motarsa. Da gardama ta yi tsawo, bakinsa ya ja masa: a gaban yayarta ya rantse cewa in motar nan ta mutu a hanya, da hannunsa zai miƙa wa 'yan gwangwan makulli. Yanzu ga Yayar a kujerar baya ta cika rabinta, tana jiran ranar shaida. Ƙaninsa Dogo, wanda ke maƙure a gefenta, shi kaɗai ya san lagireto na yoyo.

Dogo ya san aikinsa. Ya kora matan zuwa bakin kwari, ya juya bayansu ga motar, ya ɗaga waya zai ɗauke su hoto.

"Yaya, ɗan matsa. Kin tare dutsen gaba ɗaya."

"Ubanka ne ya tare shi, mai wuyan tsani."

Wurin kam da kyau. Tuddai kore shar sun hau kan juna, hazo na kwance a ƙasan kwari, shanu can nesa kamar an watsa farin wake. Mai Walda bai ga ko ɗaya ba. Yana bayan bonet, ya naɗe hannu da tsumma, yana lallashin murfin lagireto yana zaginsa ƙasa-ƙasa. Da tururi ya lafa, ya tuttula ruwan jarka.

Haka aka yi ta yi. A kowane hawa sai an ga ikon Allah. Sun kalli ruwa mai zubowa daga dutse, sun kalli gonaki jere a gefen tudu. A wani wurin ba komai sai bishiya guda, Dogo ya rantse ba irinta a duniya.

"Ashe mijin naki akwai taushin zuciya," in ji Yaya. "Na ɗauka shi ma da walda aka haɗa shi."

"Ni ma yau na sani," matar ta ce, tana kallon taga.

A hawa na ƙarshe jarka ta ƙare. Allura ta haye har ta jingina, injin ya fara ƙamshin ƙauri. Mai Walda ya duba hagu, ya duba dama. Wurin fasa dutse ne: tulin tsakuwa, ƙura, da wata matacciyar tifa ba taya. Ya tsaya a daidai gefenta, don ba yadda zai yi.

Motar ta yi tsit. Yaya ta leƙa ta taga, ta gyara zama.

"To, Mai Walda, a nan kuma me za mu gani?"

Dogo ya sunkuyar da kai yana binciken takalminsa.

"Ni na taɓa shi ya tsaya," matar ta ce. "Kaina ke juyawa. Dogo, kama Yaya ku je inuwar can, ta miƙe ƙafa."

Sai da suka yi nisa ta buɗe jakarta, ta zaro manyan gorunan ruwa biyu, ta ajiye a kan bonet.

"Yi sauri, kafin ta waiwayo."

Ya tsaya riƙe da tsumma, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ba mutuwa ta yi ba fa," ya ce. "Hutawa take."

"Na ce ta mutu? Ni duwatsu na gani." Ta gyara mayafinta. "Makullinka naka ne. Amma gobe in za a koma gida, ni da Yaya bas za mu hau. Kai da Dogo ku taho a hankali, kuna kallo."