Ciyawa Ta Ci Akuya

Takardar da Auta ta kawo gida layi ɗaya ce tak: "Yara sun iya bin malama." A ƙarƙashi an rubuta talatin da takwas, an zagaye da jan biro.

Mahaifinta, Kafinta, ya karanta ta sau uku a bakin shagonsa, fensir a maƙale a kunne. Kalaman sun yi masa daɗi, lambar ce ya rasa inda zai sa ta. A sana'arsa, in mutum ya yaba kujera ba ya ƙin zama a kanta.

"Ko cikin arba'in ne?" in ji shi.

"Cikin ɗari ne, Baba."

Auta tana shekararta ta ƙarshe a kwalejin horar da malamai, an tura ta gwajin koyarwa a wata firamare, aji biyu. Mai dubawa daga kwaleji sau biyu yake zuwa. Zuwan farko ke nan ya bar wannan takarda. Ran Alhamis zai dawo, in ba ta kai hamsin ba sai ta maimaita shekara, 'yan ajinsu su fita su bar ta.

Abin da ya ɗaure wa kowa kai a gidan shi ne, duk makarantar babu ajin da ya kai nata karatu. In yara arba'in da shida suka ɗaga murya, har bakin titi ana ji. Kafinta ya taɓa wucewa ta bayan ajin, ya tsaya ya saurara, ya gaya wa wani mai keke da bai tambaye shi ba cewa 'yarsa ce.

Tun ranar takardar hannunsa ya daina bin awo. Ya yi tebur, ƙafa ɗaya ta gaza sauran da inci biyu. Matarsa ta ɗora kofi a kai, kofin ya kama hanya.

"Malam, kai za a duba ko ita?"

Ran Asabar da la'asar abokan karatun Auta biyu suka zo shagon don ta gwada darasin a gabansu. Akwai Doguwa, wadda take rubutu a saman allo ba tare da ɗage ba, da wani saurayi da suke kira Sarkin Alli, saboda ko daga wanka ya fito da alli a girarsa. Kafinta ya riga ya shafa wa wani faifan katako baƙin fenti ya jingina a bango.

"Baba, ɗalibai sun yi mana kaɗan," in ji Doguwa. "Zo ka zauna."

"Ni? Da furfurata?"

"Ba ma korar kowa saboda shekaru."

Ya zauna tsakaninsu a kan bencin da bai gama gogewa ba, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Auta ta rubuta: Akuya ta ci ciyawa. Kaza ta sha ruwa. Ta karanta tana nunawa da sanda, suka maimaita. Ta sake, suka sake. A karo na biyar muryar Kafinta ta fi ta kowa, har maƙwabcinsa mai walda ya leƙo ya koma.

Doguwa ta ce tana jin ƙishi. Auta ta shiga gida ɗebo ruwa, Kafinta ya juya yana kore kajin da suka shigo cikin garin katako. Da Auta ta dawo, Doguwa ta karɓi sandar ta nuna layin farko.

"Baba, kai kaɗai."

Ya miƙe tsaye, kamar yadda aka koya masa shekara arba'in da suka wuce. "Akuya ta ci ciyawa!"

"Madalla. Yanzu duba."

Ya duba. Ya iya karatu, sai dai a hankali, kamar mai hawa tsani da kaya. Ci, ya, wa. A allon an rubuta: Ciyawa ta ci akuya.

"Wa ya taɓa mini allo?" in ji Auta.

"Ni," in ji Doguwa. "Baba, tun da aka fara, ina kake kallo?"

Ya gyara fensirin kunnensa. "Bakinta."

"Me ya sa?"

"To, ai nan karatun yake fitowa." Ya zauna. "Haka na yi har aji huɗu. Kyauta ma aka ba ni, littafi. Sai da na fara koyon aiki na karanta shi."

Babu wanda ya yi dariya sai Sarkin Alli, shi ma ya mayar da ita tari. Ya ce shi a nasa ajin, rannan ya goge allo tas don ya rubuta lissafi, yara suka ci gaba da karanta abin da ya goge har ƙarshe, da aya da komai. Doguwa ta ce ita kwalin karatu ta liƙa a kife bisa kuskure, sati guda, ba yaron da ya yi ƙorafi.

Auta ta ɗauko takardar mai dubawa ta sake karantawa. "Sun iya bin malama," ta ce a hankali. "Ashe zagi ne."

"Da ladabi dai," in ji Sarkin Alli.

Doguwa ta tsince gutsattsarin katako daga ƙarƙashin tebur ta zube a gaban Kafinta. Kowane guntu kalma ɗaya za a rubuta masa, a riƙa sauya musu wuri, yaro ba zai san mai zuwa ba sai ya duba.

"Sannan ki rufe bakinki," ta ce wa Auta. "Ki nuna, ki ƙirga goma a zuci kafin ki taimaka."

"Goma? A gaban mai dubawa?"

"Ni na taɓa kai sha bakwai. Har na ji agogon ofis."

Kafinta ya yanka guntaye talatin, ya goge gefunansu don kada su soki yara. Duk tsawonsu ɗaya, ya auna sau biyu.

Ran Litinin Auta ta dawo ta ce cikin arba'in da shida, bakwai ne ke karatu.

"Sauran fa?"

"Irinka ne, Baba."

Ran Laraba sun zama sha ɗaya. Kafinta ya lissafa, ya ga ko kusa da rabi ba su yi ba, abinci ya ƙi shiga.

Ran Alhamis da hantsi ya ɗauki jakar kayan aiki ya je wurin hedimasta, ya ce wucewa yake yi ya ga tagar aji biyu tana rawa. Hedimasta ya ce shi bai lura ba, amma tun da kyauta ne, bismillah. Tagar lafiyarta ƙalau. Kafinta ya tsaya ta waje, ya kwance noti ɗaya, ya fara mayar da shi a hankali.

Mai dubawa yana zaune a baya, biro a hannu. Auta ta jera guntayen a gindin allo, ta nuna da sanda, ta rufe baki. Rabin ajin suka taso da ƙarfi, "Akuya ta ci..." sai suka ga bakin malama bai motsa ba, muryoyin suka zube ɗaya bayan ɗaya.

Shiru. Kafinta bai taɓa jin ajin 'yarsa haka ba. Ya fara ƙirgawa. Ya wuce goma. A sha biyu mai dubawa ya ɗaga kai. A sha huɗu Kafinta ya buɗe baki zai raɗa amsar ta taga, sai ya tuna bai duba ba shi ma.

Wata yarinya mai giɓi a layi na uku, wadda leɓɓanta ke motsi tun ɗazu, ta fashe da dariya.

"Malama, ƙarya ne!"

"Me ya sa?"

"Ciyawa ba ta da haƙori!"

Auta ta miƙa mata sandar. Yarinyar ta fito ta sauya guntaye biyu. Na kusa da ita ya ce shi ma ya gani tun farko, ta ce ƙarya yake, ya ce a ba shi wani ya nuna mata. Daga inda Kafinta yake tsaye ya ga kawuna arba'in da wani abu sun karkata wajen allo, babu mai kallon Auta.

Da yamma ta kawo takarda. Ya ɗora yatsa ya bi ta kalma kalma, bai bari kowa ya karanta masa ba. "Yara sun daina bin malama." A ƙasa, hamsin da shida.

"Wannan fa," ya ce, "ba zagi ba ne?"

"Na wuce, Baba."

"Ki dai tambayi Doguwa."

Washegari hedimasta ya aiko a gaya masa tagar aji biyu ta daina rufuwa.