Tsoho Mai Keke a Bayan Motarmu

Tun da annobar nan ta shigo, ni nake tuƙa motar asibiti, ni kuma nake wanke ta. Mai wankin ya kwanta, ba a kawo wani ba. Duk mara lafiyar da muka sauke, sai na feshe cikinta da ruwan magani, na goge gado da hannun ƙofa, na bar ta a buɗe ta sha iska. Hannuwana sun yi fari sun tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe.

Wata rana da la'asar aka tura mu wani lungu, ni da Sista, malamar jinyar da muke aiki tare. Wata tsohuwa muka tarar a kan tabarma, numfashi yana yi mata wuya. Mijinta na tsaye riƙe da ƙullin kayanta. Da muka sa ta a mota, sai ya ɗaga ƙafa zai hau.

Sista ta tare ƙofa. “Baba, ba a rakiya yanzu. Mara lafiya kaɗai.”

“'Yar nan, ɗaki ɗaya muke kwana. Me ya rage ban ɗauka ba?”

“Doka ce, Baba. Yi haƙuri.”

Tsohuwar ta yunƙura za ta sauko, ta ce idan ba da Malam ba, a bar ta ta mutu a gida. Bai yi musu da kowa ba. Ya koma ciki ya turo wani tsohon keke, ya leƙa ta gilashin baya ya ce mata, “Kwanta. Ina biye da ku. Duk sanda kika ɗago za ki gan ni.”

Ta kwanta.

Na ja mota a hankali, ban kunna jiniya ba. Ina ganinsa ta madubi, ya tattare rigarsa a cinya, takunkumin da Sista ta ba shi ya zamo ƙarƙashin gemu. Masu babur suna ta yi mini hon. Wani ya ce, “Direba, gawa ka ɗauko ne?” Na ci gaba da tafiya a hankali.

Muna isa hawan gada Sista ta buga allon da ya raba ni da su. “Numfashinta yana sauka. Taka mota.”

“Baba fa?”

“Ita muka zo ɗauka.”

Na taka. A madubi na ga ya sauka daga keken yana turawa, yana ƙanƙancewa, har wata babbar mota ta rufe shi.

Aka karɓi tsohuwar a ɗakin killacewa. Sista ta ce mini tun daga gadar take ɗago kai tana tambayar ina Malam, ita kuma tana ce mata ƙura ce ta rufe gilashin. Na kai mota wurin wanki a bayan asibiti, na haɗa magani a bokiti, na yi feshi, na goge. Na cire rigar leda na jefa a durom ɗin ƙonawa, na wanke hannu har gwiwa. Na zauna ke nan a kan taya, bayana yana ciwo, sai na jiyo hayaniya a bakin ƙofa.

Baba ne, jiƙe sharkaf da gumi. Yana tsaye gaban maigadi yana tari, irin tarin da ake ƙaƙalo shi daga maƙoshi.

Maigadi ya ce, “Baba, wannan tarin ai na roƙo ne. Na auna ka, jikinka ya fi nawa sanyi.”

“Sake aunawa. Ina jin zazzaɓi.”

“Zazzaɓin keke ne.”

Da Baba ya gan ni bai gane ni ba, sai da na ce masa ni ne direban. Na sa ya wanke hannu, na gaya masa yadda zai gyara takunkuminsa, don ba halin in taɓa shi. Na ajiye masa benci nesa da mutane.

Ya ce, “Ɗan nan, ka bar ni a gada.”

“Na bar ka, Baba.”

“Ta ɗago?”

“Ta ɗago.”

Ya murza hularsa. Can ya ce, “Ba ganinta nake so in yi ba. A dai gaya mata na iso. Idan ta ɗauka na juya gida, ba za ta sha maganinsu ba. Na san halinta.”

Shiga ɗakin killacewa ba ƙaramin abu ba ne. Sai na sa sabuwar riga da safar hannu, idan na fito kuma na sake wanka da magani daga farko. Na dubi hannuwana. Na je wurin mai sito, ya yi ta mita kafin ya miƙo mini rigar.

Na tarar an sa wa tsohuwar robar iska a hanci. Na tsaya a ƙarshen gadon na ɗaga murya saboda takunkumi. “Inna, Malam ya iso. Yana bakin ƙofa.”

Ta buɗe ido. “Da wannan keken? Ƙarya kake yi.”

“Wallahi yana nan. Har tarin ƙarya ya yi wa maigadi don a shigo da shi.”

Ta kalle ni. Sai kafaɗunta suka fara rawa, dariya ce ba sauti. “Shi ne,” ta ce. “Ce masa ya cire rigar nan kada sanyi ya kama shi.” Ta juya wajen malamar da ke riƙe da kofin magani ta buɗe baki.

Na fito, na cire riga, na sake wanke hannu, maganin yana cin tsagar fatata. Na isar wa Baba da saƙo daga nesa. Ya ce ba zai cire ba, ita ta cika faɗa. Ya jingina da bango ya miƙe ƙafafunsa.

Sista ta leƙo da waya a hannu. “Motar ta bushe?”

Na ce ta kusa.