Tambaya da Darar Bature

Shekara talatin ba a taɓa cin Tambaya a dara ba a Fakku. Sai ga Mannir, ƙanen mijinta, ya dawo daga birni da wani allo mai zanen baƙi da fari, wai shi ces, darar Bature. Ya nuna mata tafiyar kowane ɗa sau ɗaya tak, sannan ya cinye ta sau goma sha ɗaya, ya bi kasuwar Kebbe yana shelar tsohuwa ta ƙare.

Ta nemi shawara har ta gaji. Malamin makaranta ya ce ta riƙe tsakiya. Tsakiyar me? Bai faɗa ba. Wani ya ce ta dai yi ta yi. A Tambuwal aka haɗa ta da Siddiƙ mai tura bidiyo a waya, wanda ya rantse ya san wasan, ya cika mata waya da Turawa masu surutu. Ta kalla, ta koma, Mannir ya ƙara cinye ta.

Ranar kasuwa ta hau babur da allon a ƙulle cikin zane, ta dire shi a teburin Siddiƙ.

"Kai, maƙaryaci. Mi kaz zuba min? Hausa ɗaya babu ciki."

"Inna, ai sai a hankali..."

"Ban haifi irinka ba. Zauna ka jera, in ga sanin naka."

Siddiƙ ya ɗauki doki ya juya shi, ya rasa gidan da zai sa. Mutane suka fara taruwa. Ya ajiye sarki a lungu.

"Ku gane shi," in ji Tambaya. "Likitan da bai san inda ciki yake ba."

Ɗan'iya tela, mai shago a gefe, ya ture Siddiƙ ya zauna. "Taho mu buga, Hajiya."

"Wani maƙaryacin?"

"Buga dai."

Ta tura soja, ta tura na biyu, ta kawo na uku gefensu, sannan ta miƙa hannu za ta ɗauke masa ɗa. Ɗan'iya ya dafe allon.

"Dara kika yi. Nan ba a ci da jera ukku. Wanda kika son ci, gidanai za ki faɗa. Kuma sarki kaɗai aka farauta."

Tambaya ta janye hannunta. Wato duk lokacin da ta jera uku ta kai hannu, Mannir ya buge hannun yana dariya, ya san abin da ke nan, ya ƙi faɗa.

"Wata guda," ta ce, "ba ɗan banzan da yac ce in buga shi gani."

Ta juya ga Siddiƙ, ta miƙa masa wayarta. "Goge Turawanka." Ta tsaya a kansa har ya goge na ƙarshe. Sannan ta jawo benci gaban Ɗan'iya.

"Ina da ɗinki, Hajiya."

"Mai rigar shi jira. Jera. Juma'a nika gamuwa da Mannir, gaban mutane."